Wanda Ya Ci Amanar Ƙodar Ƙaninsa

An yi wani mutum mai shagon tufafi, ɗan ƙwalisa na ƙin ƙarawa. Ciwon ƙoda ya kama shi, a hankali duka biyun suka daina aiki. Ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ɗauke, aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda.

Ƙaninsa kafinta ne mai 'ya'ya ƙanana. Ya ce zai ba yayansa ƙodarsa ɗaya. Matar kafintan ta yi kuka ta roƙe shi, bai saurara ba. Ya kwanta aka yanka shi, aka ciri ƙoda guda aka dasa wa yayansa.

Likita ya ja wa mai shagon kunne. Akwai ƙwayoyin da zai sha kullum har ƙarshen ransa. In ya bari, jikinsa zai juya ya yaƙi ƙodar, don baƙuwa ce.

Ya warke, ya koma shago. To amma maganin yana cika fuska. Maƙwabta suka fara tsokanarsa da Mai Kumatu, shi kuwa ya wuni gaban madubin shago yana jin haushi. Sai ya daina sha. Kullum ya ɓare ƙwayoyin ya watsa a kwata, don kada matarsa ta gane.

In kafinta ya biyo, sai ya tambaya, "Yaya, ana dai shan magani ko?"

"Wallahi ban taɓa tsallakewa ba."

Ya 'yan uwa, har da rantsuwa. Wannan abu yana ci mini rai.

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Zazzaɓi ya zo, kumburi ya dawo, ruwa ya taru a huhunsa har barci sai a zaune. Gwajin jini ya tona asiri. A gaban ƙanin nasa, likita ya ce ƙodar ta mutu, ya faɗi dalili.

Kafinta ya ce, "Yaya, da ba ka so, ai da ka bar min abata."

Likita ya ce ana iya sake dashe in an sami mai bayarwa. Aka tara dangi, kowa ya sunkuyar da kai. Wa zai ba shi? A kan injin ya ƙare, ƙaiƙayi na cin jikinsa, ruwan sha ma sai an auna masa.

Jama'a, lafiya amana ce, balle wadda aka yanko daga jikin ɗan'uwa. Wanda ya ci amana ba mai ba shi ta biyu. Allah ya kiyaye mu da cin amanar masu ƙaunarmu.