Gaisuwar Da Ta Kusa Kashe Shekarau

Jama'a, ku gyara zama. A zamanin da, tun kakannin kakanninmu na rarrafe, an yi wani sarki mai suna Tunau. Adali ne, ba shi da laifi sai ɗaya, saurin rantsuwa. Wata ranar kasuwa wasu samari biyu suka yi cacar baki a kan abin da bai kai ya kawo ba, ɗaya ya zagi uwar ɗaya, kafin a raba su wuƙa ta yi aikinta. Sarki ya ga uwar mamacin tana birgima a ƙofar fada, ransa ya ɓaci. Nan take ya rantse da Allah, duk wanda aka ji ya zagi wani, da gaske ko da wasa, a fitar da shi daga gari, kada ya ƙara shan ruwan ƙasar.

Waziri Cindo, dattijo mai hangen nesa, ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a bar mana na wasan. Garin nan da ba'a ake ɗaure zumunci."

Sarki ya ce, "Waɗancan ma da wasa suka fara. Na riga na rantse, Waziri."

Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Aka danƙa dokar a hannun Sarkin Dogarai Gagarau, mutumin da ko gaisuwa ya yi maka sai ka ji kamar ya mare ka. Ya baza dogarawa unguwa-unguwa. Gari ya yi tsit. Kaka ta daina ce wa jikanta raggon miji, Bafulatani ya haɗu da Babarbare su gaisa kamar surukai.

To, a garin akwai wasu tsofaffi biyu, Barmo majemi da Shekarau masaƙi. Taubasai ne, uwar wannan ƙanwar uban wancan, kun kuwa san taubasai, kowa cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne. Shekara hamsin ba su taɓa gaisawa da mutunci ba. Kullum da hantsi Barmo zai tsaya a ƙofar zauren Shekarau ya ɗaga murya, "Ina bawan nan nawa mai ƙafar zalɓe? Iska ba ta ɗauke ka jiya ba?" Shekarau zai amsa daga bakin masaƙa, "Tun kana bayan ganuwa na san kana tafe, ungulayen gari duk sun yi maka rakiya!" Sai su zauna su sha fura a ƙwarya ɗaya.

Ana saura 'yan kwanaki a kafa dokar, zazzaɓi ya kwantar da Shekarau. Ga shi tsufa ya toshe masa kunne, ba ya jin magana sai an kwarara ta. An shimfiɗa masa tabarma a zaure saboda masu dubiya, ga kuma dogari zaune a gindin bishiyar ƙofar gida kamar an dasa shi.

Barmo ya zo da hantsi. Ya buɗe baki, ya dubi dogari, ya haɗiye abin da ya kawo. Ya durƙusa ya ce da ƙarfi, "Sannu, Malam Shekarau. Allah ya ƙara sauƙi."

Shekarau ya zuba masa ido ya daɗe. Sa'an nan ya juya fuskarsa ga bango.

Matarsa Kuluwa ta kawo koko, ya ƙi. Ta kawo fura, ya ƙi. Ya ce mata, "Barmo ya kira ni malam. Barmo! Ashe abin ya zo. Kun ga mutuwa a fuskata kuna ɓoye mini, to, mai tafiya me zai yi da koko?"

Kuluwa ta sa baki a kunnensa ta ce doka ce Sarki ya kafa. Ya ce, "Ke dai ba ki iya ƙarya ba. Ranar da muka binne uwata ma sai da mutumin nan ya ce kukana kamar na jaki. Wace doka ce za ta rufe bakinsa?"

Kwana uku ke nan ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa. Kullum Barmo ya zo ya zauna, hannu bisa kai, abin tausayi. In ya yi raɗa, kurma ba ya ji. In ya ɗaga murya, a kore shi, ba ya nan a jinya, ba ya nan a jana'iza. In kuwa ya yi shiru, yana kallo ɗan'uwansa zai mutu da yunwa. Ya je wurin Waziri yana hawaye. Waziri ya ce, "Barmo, wallahi ban da dabara. Sarki ya rantse, ni kuwa bawan Sarki ne." Barmo ya koma yadda ya zo.

A rana ta huɗu Kuluwa ta tare shi a ƙofa, ta ce, "Baban yara ko ido ba ya buɗewa. Ni ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba."

Barmo ya shiga. Ya dubi ƙasusuwan da ke kan tabarma, ya cika ƙirjinsa da iska, ya kwarara, "Kai, bawan banza mai wuyan zalɓe! Aiki ne ba ka so ka kwanta? Ai Mala'ikan Mutuwa ma in ya zo sai ya ɗauka tsinken sakace ne ya wuce!"

Idon Shekarau ya buɗe. Leɓensa ya fara motsi. Amma kafin amsa ta fito, dogari ya riga ya cafke wuyan rigar Barmo.

Aka kai shi fada, ana cikin fadanci. Gagarau ya hankaɗa shi gaban Sarki, ya toshe hanci ya ce, "Matsa can, tsohon banza, ruɓaɓɓe. Warinka ya riga ka shigowa."

Barmo ya riga ya fid da rai, saboda haka ya dube shi ya ce, "Gaskiyarka, Sarkin Dogarai. Warin nan shi ya haifi takalmin da ke ƙafarka. Amma nawa in na sami sabulu ya tafi. Akwai wanda ke fitowa daga baki, shi ko kogi ba ya wanke shi."

Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Sarki ya tambayi Barmo ko ya yi zagin, ya ce ya yi. Sarki ya nisa ya ce, "Ina jin tausayin furfurarka, amma rantsuwa ta ɗaure ni. Kafin azahar ka bar gari."

Sai Waziri ya faɗi ya ce, "Zaki, ba a yanke hukuncin sara sai an ga rauni. A kawo wanda aka zaga, Sarki ya ga ɓarnar da idonsa."

Aka ɗauko Shekarau a kan gadon kara, aka ajiye. Waziri ya ce wa Barmo, "Gaishe shi yadda doka ta yarda."

Barmo ya durƙusa, ya ɗaga murya ya ce, "Sannu, Malam Shekarau."

Tsoho ya rufe ido, hawaye ya gangaro har kunnensa. Ya ce, "Ashe ɗazun nan mafarki nake. Ku mai da ni gida in mutu a ɗakina."

Waziri ya ce, "To, a ba shi izini ya gaishe shi yadda suka saba." Sarki ya ɗaga kai.

Barmo ya ce, "Tashi, raggo! A gaban Sarki ma kwanciya kake, kamar kazar da aka fige?"

Wallahi sai ga Shekarau ya dafa gado ya zauna. Ya ce, "Ai dole in kwanta, warinka ne ya kayar da ni! Allah ya ba ka nasara, a buɗe tagogi, kada bawan nan nawa ya kashe mana Sarki." Ya waiga ya ce, "Kuluwa, ina kokon nan?"

Fada ta ɓarke da dariya, Sarki kuwa idonsa ya ciko. Waziri ya ce, "Zaki, ka ga wanda aka zaga, ga shi yana neman koko. Yanzu a tambayi Barmo abin da ya ji da aka ce masa ruɓaɓɓe."

Barmo ya ce, "Shekara hamsin Shekarau na ce mini mai wari, ban taɓa jin komai ba. Yau da na ji shi a bakin wanda ba ya ƙaunata, na so ƙasa ta tsage in shige."

Sarki ya ce, "To, rantsuwata fa?"

Waziri ya ce, "Rantsuwa tana da kaffara. Tsohon da ya mutu da yunwa kuwa ba kaffarar da za ta dawo da shi."

Sarki ya ciyar da miskinai goma, ya sa aka yi shela: zagin da ya ƙona zuciya shi ake hukuntawa, wasan taubasai da na kakanni kuwa a ci gaba. Gagarau aka tuɓe masa rawani, shi ya fita ta ƙofar da ya shirya wa Barmo.

Shekarau ya warke, ya koma masaƙa, suka ƙara damina biyu suna cin mutuncin juna. A ta uku ya kwanta, bai tashi ba. Da aka ɗauki makara, Barmo ya bi ta a baya yana dogara sanda, ya kwarara murya yadda ya saba saboda kurma, "Raggo! Amsa ka rasa, shi ya sa ka gudu!"

Ya tsaya, ya karkata kunne yana jira. Babu wanda ya iya ce masa su tafi.