Sakiusa da Taɓon Bayan Gida

A wani ƙauyen bakin teku a tsibirin Kadavu, an yi wani saurayi, Sakiusa, wanda ba ya jin shawarar kowa. Tun suna yara yake son taubashiyarsa Litiana. Da ya nemi aurenta, mahaifinta Kawu Peniasi ya ce, "Lahadin ƙarshen wata ka kawo mini kwandon ƙaguwa daga gaɓar gidanku, in ga ko za ka iya ciyar da ita."

Abin ba wuya, domin bayan gidansu baƙin taɓo ne da itatuwan tiri masu saiwa cikin ruwa, ƙaguwa kuwa fal. Sai dai wata rana Litiana ta zo, taɓo ya haɗiye mata takalmi ɗaya. Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Taubashi, gidan nan naku ko alade sai ya yi tunani kafin ya shigo!"

Wasa take yi, shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Ya sassare tiri, ya kwashe taɓo, ya ture duwatsu, ya zuba farin yashi.

Kakarsa ta leƙo ta ce, "Maigidana, ƙaguwar a aljihunka za ta zauna?"

"Haba Kaka, taɓo da dutse rai gare su? Ni ban taɓa ƙaguwa ko ɗaya ba."

Amma a taɓon ƙaguwa suke yin rami, ruɓaɓɓen ganyen tiri suke ci. Rana ta gasa yashin, ƙaguwa suka koma gaɓar maƙwabta. Ƙananan kifaye suka bi su, zalɓe ma ya daina sauka. Ran Asabar Sakiusa ya wuni yana tono, ya samu ƙwaya ɗaya tak, ita ma sai da ta datse masa yatsa.

Ran Lahadi da aka taso daga coci, Sakiusa ya kai kwandonsa. Kawu Peniasi ya ɗaga ganyen da ya rufe kwandon, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, mayar da ita. Uwarta na nemanta."

Aka ɗage auren sai tiri sun sake girma, abin da zai ɗauki shekara uku. Washegari Sakiusa na zaune a kan yashinsa, sai ga Litiana da dashen tiri a hannu.

"Matsa, sarkin tsafta," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Ni dai ba inda za ni."

Darasin shi ne, mai rai ba ya rayuwa shi kaɗai. Ƙaguwa na buƙatar itace, itace na buƙatar taɓo, mutum kuma na buƙatarsu duka. Kafin ka kawar da abu don ba ya numfashi, tambayi manya wa ke rayuwa a kansa.