Telan da Ya Ƙi Rage Karas

Akwai wani tela da idanunsa suka gaji da zare da allura, sai ya rufe shago ya tafi koyon aikin lambu wurin wani dattijo. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya ƙyuya ko kaɗan. Aibinsa ɗaya: ƙyashin zubar da abu. Ko a shago, ƙyallen da bai kai tafin hannu ba sai ya cusa shi a buhu.

Su biyu ne masu koyo a shekarar, shi da wata bazawara. Dattijon ya ba kowa fangali huɗu na karas, ya ce wanda nasa ya fi kyau shi zai ba filin da ke kusa da rijiya ya noma na kansa. Tela ya sa rai ƙwarai, don 'ya'ya biyar gare shi.

Da karas ya tsiro cunkus, kore shar, dattijon ya tsuguna ya nuna musu.

"Ku cire na tsakani, ku bar faɗin yatsa uku."

"Haba Baba, ai lafiyayyu ne," in ji Tela. "Don me zan cire su?"

"Ƙasan kake nema, ba ganyen ba. In ka bar su duka, ba wanda zai sami wurin yin ƙiba."

Tela ya ce to. Amma da ya ciro guda goma ya dube su a hannunsa, sai ya ji kamar asara yake yi da gangan. Ya rage na gefe, inda dattijon ke wucewa, ya bar tsakiya yadda take. Har tsokanar bazawarar yake yi.

"Yaya, ke kam aski kika yi wa naki!"

"Zai tofo," in ji ta, ta ci gaba da ban ruwa.

Ranar cira, nata ya fito ɓul-ɓul, ja wur. Tela ya tura hannu tsakiyar nasa, ya zaro wasu 'yan sirara kamar tsinke, duk sun nannaɗe juna. Ya koma fangali na biyu, na uku, na huɗu. Duk haka. Kunya ta rufe shi.

Dattijon bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ban ruwanka ya fi nata, wallahi. Amma fili nata ne. In kana so, ka sake zama shekara guda."

Da ya koma gida, matarsa ta tare shi a ƙofa da fara'a.

"Maigida, yaushe za mu fara share filin namu?"

Ya ajiye kwandon siraran karas ɗin a gabanta.

Darasin da ke nan shi ne, mai son riƙe komai yakan tashi ba komai. Kuma idan ka je koyon sana'a, abin da ya fi yi maka wuyar bi a maganar malaminka, sau da yawa shi ne ainihin abin da ka je koya. Ka bi shi har a inda idonsa ba ya kaiwa.