Matar da Giginya ta Faɗo wa a Ka

A wani ƙauye akwai wata mace mai suna Keziya, wadda ba a taɓa rigan ta isa gona ba. Wata rana tana noma a gindin giginya, sai ɗan giginya ya tsinko ya faɗo mata a tsakar ka. Ta suma. Da ta farfaɗo, ko ɗigon jini babu. A asibiti aka ce ƙwaƙwalwarta ce ta girgiza, dole ne ta huta sosai.

Wata uku suka wuce, jiri bai sake ta ba. Hasken rana yana sukan idanunta. In maƙwabta suna daka, sai ta ji kamar a cikin kanta ake buga taɓarya. Takan sa gishiri a miya, ta manta, ta ƙara.

Mata suka riƙa ce mata, "Haba Keziya, ai kin warke! Ko tabo ba mu gani ba." Ta kuma ga yadda mijinta yake duban gonar.

Kunya ta kama ta. Ranar girbi ta ɗaura ɗankwali ta fita. Kafin rana ta take, ta zube a cikin karan dawa tana amai. Aka ɗauko ta gida, ciwon ya fi na dā.

Sai yayar mijinta ta zo. Ta rataye zane a taga, ta janye turmi zuwa bayan gida, ta zauna kusa da ita.

Keziya ta ce, "Yaya, anya zan koma yadda nake?"

Ta ce, "Ban sani ba. Kwanta, ni zan tuƙa tuwon."

Damina biyu ke nan, Keziya ba ta koma gona ba. Ran Lahadi in an je coci, a waje take zama, domin kanta ba ya ɗaukar ganga.

Ga abin da misalin nan yake koya mana. Akwai raunin da ido ba ya gani, mai shi kuwa yana ɗauke da nauyi biyu: ciwon, da rashin yardar mutane. Bakinmu ne ya tura Keziya gona ranar girbi. Ubangiji bai ce kowane ciwo zai tafi da wuri ba, amma ya umarce mu mu ɗauki nawayar juna. In ɗan'uwanka ya ce maka kansa bai daidaita ba, kada ka nemi ya nuna maka tabo. Ka yarda da shi, ka zauna.