Jar Mota da Bakin Uwa

Kwana tara ke nan Hajiya Tasalla tana kai loma baki ba ta jin ɗanɗanonta, kuma dalilin mota ce. Ɗanta na fari, wanda don kunya ko sunansa ba ta faɗa sai dai "yaron nan", ya sayo wata jar mota mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. In ya tayar da ita sai kajin unguwa sun watse. Ran Asabar shi zai ja gaban ayarin amaryar abokinsa daga Malumfashi zuwa Zariya, ga marka ta kankama, rana sai dai ta leƙo ta koma.

Ran Alhamis da hantsi ta yafa mayafi ta nufi gidan Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyarta, wanda ya shekara talatin yana jan tanka kafin ciwon ido ya zaunar da shi. Da suka gama gaisawa ta ce, "Kawu, na yanke shawara. Zan ce masa in ya fita da motar nan cikin ruwa, ban yafe ba."

Tsohon ya gyara zama. Ya ce, "Tasalla, wannan kalma ba bulala ba ce da za ki ɗaga don tsoratarwa ki mayar bayan ƙofa. Ina jiye miki abin da ya sami mai masarar gadar Rafin Kanya."

Ta ce, "Me ya same ta, Kawu?"

Ya ce, "Wata shekara ruwa ya shafe wannan gada, muka jera motoci muna jiran ya janye. Akwai wata dattijuwa a wurin, Kuluwa, tana sayar da dafaffiyar masara. Da hadari ya haɗo sai ta bar tukunyarta ta tsaya bakin titi tana ɗaga wa ƙananan motoci hannu su rage gudu. Direbobi suna cewa taɓaɓɓiya ce. Ina tsugune ina cin masararta sai ga wani saurayi cikin irin motar ɗanki, ya tsallake layi, ya faɗa ruwan, da ƙyar ya kai gaci. Na ce, 'Da ni na haifi wannan, baki zan yi masa ya zauna gida.' Kuluwa ta dube ni ta ce, 'Direba, ashe ba ka ji abin da ya gudana tsakanin uwar gara da ɗanta ba?' Na ce, 'Ban ji ba, Iya.'

"Ta ce, 'Wata gara ce a cikin suri ta haifi ɗa. Da damina ta faɗi sai fiffike ya fito masa, ya zama shinge. Ya yi ta juyi yana kallon kansa, ya ce yau sai ya tashi sama duniya ta gani. Uwar ta ce, Fiffiken nan na ado ne, ɗigo ɗaya zai kakkaɓe shi, ka bari gari ya washe. Ya ce, Tsarana na waje suna jira. Tsoro ya kama ta, ta ce, To in ka fita kada ka dawo mini. Yana fita ta kwaɓa laka ta liƙe ƙofa, a zatonta zai ji motsin ya fasa. Bai yi nisa ba ruwa ya sauko, fiffike ya zube. Ga ɓawon itace kusa da zai fake a ciki har a ɗauke, amma maganar uwar ba ta bar shi ya tsaya ba. Ya rarrafo cikin ruwa har bakin suri, ya tarar da laka. Yana cikin kira, Inna, buɗe, sai ga kwaɗo. Kwaɗo ya ce, Ni ban farauto ka ba, ƙofarku ce ta miƙo mini kai. Ya lanƙwame shi. Ruwa ya karya fiffike, direba, amma laka ce ta ba kwaɗo abinci.'

"Na ce, 'Iya, wannan tatsuniya da zafi take.' Ta ce, 'Ba tatsuniya ba ce, garar ni ce. Ɗana Isiyaku direban wani alhaji ne mai irin wannan mota. Ya zo yi mini sallama hadari na haɗuwa, na ce in ka tafi ban yafe ba. Ya tafi. Wanda ke zaune gefensa, da ya rayu, shi ya gaya mini sun riga sun wuce ruwan, gabansu rana tangaran. Sai Isiyaku ya ce ba zai iya ci gaba da kalmar nan a kansa ba, ya juyo da gudu ya nemi gafarata. Ya sake shiga ruwan da ya tsere wa. A nan, kan gadar nan, motar ta juya da shi sau uku. Na yafe, direba, na yafe ya fi sau dubu, amma wa zai kai masa?'"

Kawu ya goge idonsa da bakin riga ya ce, "Kin ji. Magana zarar bunu ce, ta uwa kuwa ko ɗan ya yi biyayya tana iya cin sa."

Tasalla ta ce, "Na ji, Kawu, na karɓa. Wallahi bakina ba zai furta ta ba. To shiru zan yi?"

"Wa ya ce ki yi shiru? Motar nan ni ma tsoronta nake ji. Tanka nauyi gare ta, tana danne ruwa. Wannan kuwa ba nauyi, ga faɗin taya, ga ƙarfi duk a baya. In ruwa ya kwanta kan kwalta sai ta hau samansa kamar faranti, sitiyari ya zama abin wasa a hannu. Ka ɗan taɓa totur, gindinta ya riga kanta. Balle a gaban ayari, abokai na zuga shi da oda."

"In ɓoye makullin?"

"Biyu ake ba su, 'yar nan. Ki zaunar da shi ki gaya masa tsoronki."

"Kawu, ɗan fari ne fa. Tun da na haife shi ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ku yi masa magana mana."

"Na yi tun makon jiya. Ya durƙusa ya ce, to Kaka, sannan ya bar mini goro. Tawa ya saba ji. Taki ce bai taɓa ji ba."

Ta koma gida ana yayyafi, ta tarar da motar a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, kamar gawa mai jiran sutura.

To jama'a, ba zan ɓoye muku ba, Tasallar nan ni ce. Karatuna bai yi nisa ba, abin da na ji na rubuta. Yau Juma'a, gabas ta yi baƙi ƙirin. Gobe da sassafe yaron nan zai shigo ya tsuguna bakin ƙofata, makulli a hannu, ya ce, "Hajiya, a sa mana albarka." Waccan kalmar na yi alkawarin ba zan faɗa ba. In na ce Allah ya tsare, zai ɗauka na sallame shi. In na ce kada ka je, kuma ya je, ya tafi da saɓa wa uwa a kansa, kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Ku iyaye 'yan'uwana, da ku da kuka san mota, don Allah me zan ce masa?