Ɗan Wasan Da Ya Ɓoye Ciwon Wuyansa

A kudancin ƙasar Faransa an yi wani mutum wanda sana'arsa ƙwallon zari-ruga ce, wasan nan da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, abokan hamayya kuwa su yi ta ƙoƙarin ka da mutum ƙasa. Shi ba mai gudu ba ne. Ƙato ne mai kaurin wuya, aikinsa kuwa a sahun gaba yake, inda mutum takwas sukan sarƙe hannuwa, su sunkuya, su haɗa kafaɗa da takwas na wancan gefe, a yi ta ture-ture. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki a ƙungiya guda, tun yana saurayi har ya kai ga 'ya'ya biyu.

Wata rana aka yi karo, sai ya ji wani zafi ya tsarga masa daga wuya har yatsun hannun hagu. Ya tashi ya kakkaɓe jiki, bai faɗa wa kowa ba. Kafin mako ya zagayo hannun ya soma mutuwa. Ya ce a ransa, "In na faɗa, ajiye ni za a yi. Ga samari suna jiran gurbina, ga wasan ƙarshe na cin kofi ya ƙarato." Mai horar da su ya tambaye shi har sau biyu, shi kuwa ya ce lafiya lau.

Ana jibi wasan, suna cikin atisaye, hannun ya saki rigar abokinsa da ke gefensa, dukan sahun ya rufta ƙasa. Da suka tashi, abokin ya ja shi gefe.

"Ɗan'uwa," in ji shi, "shekara bakwai ina jin riƙonka a bayana. Wannan ba riƙonka ba ne. In ka sake ni ranar Asabar, ba wuyanka kaɗai ne a ƙarƙashin nauyin nan ba. Har da nawa."

Mutumin ya tafi wurin mai horarwa da sanyin jiki, yana jin yau kwanansa a ƙungiyar ya ƙare. Ya ce, "Maigida, ƙarya na yi maka. Hannuna ba ya riƙo."

Mai horarwa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ranar Asabar wani zai sa rigarka. Amma kai namu ne. Tashi mu je asibiti."

Likita ya ɗauki hoton wuyan, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce wani ƙashi ne ya goce yana danne jijiya. Da an ƙara karo ɗaya mai ƙarfi, da ba lalle ya sake takawa ba. Mutumin ya zauna, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye na bin kumatunsa. Aka yi masa aiki. Bayan wata tara ya koma fili, ya ƙara shekara uku, ya kuma bar wasan da ƙafafunsa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Ciwon wuyan shi ne zunubin da muke rufewa. Mukan zo sujada da kaya masu kyau, a gaishe mu, mu ce lafiya lau, don muna tsoron in an sani za a guje mu. Amma ɓoyayyen zunubi ba mai shi kaɗai yake kayarwa ba. Matarka da 'ya'yanka da waɗanda suka jingina da kai duk suna ƙarƙashinsa. Abokin nan shi ne ɗan'uwa mai bi da ya ƙaunace ka har ya faɗa maka gaskiya. Kada ka yi fushi da shi.

Mai horarwa kuwa misalin Ubangijinmu Yesu ne. Wataƙila furtawa ta sa ka rasa wani matsayi na ɗan lokaci, ba zan ɓoye maka ba. Amma shi ba ya korar wanda ya zo masa da rauninsa. Ka je wurinsa yau, tun kana iya takawa.