Wayar Baba Ayuba

Akwai wani mutum mai suna Barnaba, dattijo ne a ikkilisiyar wani ƙauye da duwatsu suka kewaye. A garin nan rediyo ba ta kama komai sai shuuu. Sai ya sayo eriya, ya ɗaura ta a kan doguwar gora, ya jawo waya ta taga. Murya kuwa ta fito tangaram.

Maƙwabcinsa, Baba Ayuba, tsoho ne wanda ƙafafunsa suka daina kai shi sujada. Ya ce, "Ɗana, bari in jona wayata a taka, in riƙa jin wa'azin Lahadi." Da yake a gaban mutane ya roƙa, Barnaba ya ce, "Haba Baba, wannan ma har sai ka roƙa?"

Da damina ta yi nisa, rediyon Barnaba ta fara ƙara, murya ta ragu. Sai ya ce a ransa, "Murya ai kamar ruwan randa ce, in biyu suna sha dole ta ragu. Tsohon nan ne yake shanye mini." Ya zaga bayan gida, ya waiga dama da hagu, ya sa wuƙa ya yanke wayar tsohon, ya cusa bakinta cikin zana don kada a gani. Ya koma ya kunna rediyonsa. Ƙarar tana nan yadda take.

Sai bayan Lahadi uku ya kira mai gyara. Mutumin ya duba ya ce, "Maigida, wayarka ce ta yi tsatsa a bakin taga." Ya kankare ta, murya ta dawo.

Barnaba ya fita, ya tarar da Baba Ayuba a zaune, ya kara rediyo a kunne, ba abin da take yi sai shuuu. Da ƙyar ya ce, "Baba, tana kamawa?"

Tsohon ya ce, "Ina! Akwatin ne ya tsufa kamar mai shi. Ban gaya maka ba don kada ka damu, kai ai ka yi naka. Kullum ina sa maka albarka."

Kunya ta rufe Barnaba, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa ya ce, "Baba, akwatinka lafiya lau. Ni na yanke."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Eriyar ita ce alherin Allah, ba ya ƙarewa don maƙwabcinka ya samu. Tsatsar kuwa zunubin da yake a bakin tagarka ne. In addu'arka ta bushe, duba can tukuna kafin ka zargi wani. Wataƙila akwai wanda yake sa maka albarka yau saboda bai san abin da ka yi masa a ɓoye ba. Jona wayar ba wuya. Je ka faɗa masa da bakinka.